Ɗan Hakin da Aka Raina: Tarihin Furen Thal, Daga Tsagin Dutse Zuwa Gonar Dawa

Matashiya

 

A watan Nuwamba na shekarar 1956 tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet suka shiga birnin Budapest domin murƙushe boren da mutanen ƙasar Hangari suka tayar. Cikin 'yan makonni mutum wajen dubu 200 suka bar ƙasar, akasarinsu suka tsallaka iyaka zuwa Ostiriya. Duk wanda ya taɓa barin gari babu shiri ya san lissafin da ake yi a irin wannan dare: me za a ɗauka, me za a bari. A cikin masu gudun akwai wani masanin tsirrai mai suna George Rédei, yana da shekara 35 a lokacin. Cikin ɗan abin da ya tsira da shi har da irin wani ɗan haki mai farin fure, wanda ba a nomansa, ba a cinsa, ba a kuma taɓa kasa shi a kasuwa ba.

Da a ce wani ya kwance ƙunshin, da sai ya ɗauka ƙura ce. Amma jikokin wannan iri ne yau ake shukawa a dubban ɗakunan bincike a faɗin duniya, kuma kaso mai yawa na abin da ɗan Adam ya sani game da yadda tsiro ke yin fure, da yadda yake jure ƙishirwa, da yadda yake kare kansa daga cuta, a jikin wannan haki aka fara gano shi. Tarihinsa nake so mu duba a wannan karo, kuma in mai karatu ya yi haƙuri har ƙarshe, zai ga yadda labarin da ya faro daga duwatsun Jamus ya zo ya taɓa gonar dawa da gero da muka baro a gida.

Wane Irin Tsiro Ne?

Masana suna kiransa Arabidopsis thaliana. Don sauƙi, ni zan riƙa ce masa furen Thal, dalilin sunan kuwa zai zo nan gaba. Ɗan uwan kabeji ne da lansir, dangi guda suke, duk da cewa shi ko kwaɗo ba a yi da shi. Idan ya tsiro, sai ya fara shimfiɗa ƙananan ganyaye masu gashi-gashi a ƙasa, a zagaye kamar faifai. Daga tsakiya sai siririn kara ya miƙe, tsawonsa bai cika wuce santimita 20 zuwa 25 ba, wato wajen taƙi guda. A saman karan ne furannin ke fitowa, farare, kowanne faɗinsa kamar milimita 3, da fuka-fukai huɗu. Furen yakan zama siririn kwanso mai ɗauke da 'ya'ya 20 zuwa 30, kuma tushe ɗaya kan ba da dubban 'ya'ya, kowanne bai fi rabin milimita ba.

Tsiro ne na shekara guda. Ya fito, ya yi fure, ya zubar da iri, ya bushe, shi ke nan. A inda ya sami haske da ruwa daidai, duk wannan hidima cikin mako shida zuwa takwas yake gama ta. Mazauninsa na asali shi ne wuraren da sauran tsirrai ba sa so: tsagin dutse, gangaren tsauni mai tsakuwa, ƙasa mai yashi. Ba ya iya gasa da manyan ciyayi, saboda haka yake raɓewa inda babu mai takura masa. Daga baya ya bi ɗan Adam zuwa gefen hanya, gindin katanga da bakin layin dogo. Wani abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, furen Thal ba ya jiran ƙudan zuma ko iska su kawo masa barbara daga wani fure, da kansa yake yi wa kansa. Don haka 'ya'yansa kan fito kamar an tsaga kara da uwarsu, zuriya bayan zuriya.

Likitan Duwatsun Harz

A tsakiyar ƙasar Jamus akwai wasu duwatsu da ake kira Harz, mafi tsawonsu shi ne Brocken mai mita 1,141. A garuruwan da ke gindin waɗannan duwatsu wani likita mai suna Johannes Thal, wanda aka haifa a 1542, ya yi aiki. A wancan zamani likita da masanin tsirrai abu guda ne, domin magani daga saiwa da ganye yake. Abin da ya bambanta Thal da takwarorinsa shi ne bai tsaya kan tsirran magani kaɗai ba. Duk abin da ya gani ya tsiro a duwatsun nan sai ya rubuta shi, mai amfani da marar amfani. A shekarar 1577, lokacin Mai Idris Alooma na sarautar Borno, ya kammala wannan jeri, kuma a ciki ne aka fara bayyana siffar ɗan hakin namu a rubuce.

Thal bai ga littafinsa ba. Ya rasu a 1583 sakamakon haɗarin keken doki, sai a 1588 wani abokinsa likita, Joachim Camerarius, ya buga aikin da sunan Sylva Hercynia. Ana lissafa shi cikin littattafan farko da suka tattara dukkan tsirran wani yanki guda.

Bayan shekara 165, wato a 1753, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda ya kafa tsarin raɗa wa kowane mai rai suna biyu, ya sa wa tsiron Arabis thaliana don tunawa da likitan. A 1842 wani Bajamushe, Gustav Heynhold, ya ware shi daga wancan gida ya ba shi sunan da ake kiransa da shi yau. Daga nan kuma sai shiru. Ya zama layi ɗaya cikin dubban layuka a littattafan masu tara busassun ganyaye.

Ɗalibin da Ya Ƙirga Zare Biyar

Kafin mu ci gaba, akwai buƙatar ɗan bayani. Jikin kowane mai rai, mutum ne ko dabba ko tsiro, ginin wasu ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowane ɗaki akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, kuma a jikin zaruruwan ne aka jera ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke sa ɗa ya yi kama da iyayensa, dawa ta haifi dawa, gero ya haifi gero. Mutum yana da tagwayen zare 23, masara da dawa 10, alkamar burodi 21.

A shekarar 1907 wani ɗalibi a jami'ar Bonn mai suna Friedrich Laibach ya leƙa furen Thal da madubi ya ƙirga zaruruwansa, ya sami tagwaye 5 kacal. Ya bar maganar ya shiga wasu ayyuka, amma a shekarun 1930, yana farfesa a Frankfurt, ya dawo kanta. Ya shiga tara irin tsiron daga garuruwa da ƙasashe daban-daban, kowanne ya sa masa sunan wurin da aka samo shi. Ya lura cewa na wani wuri kan yi fure da wuri, na wani sai ya sha sanyin hunturu tukuna, kuma wannan hali gadonsa suke yi.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Laibach ya buga wata maƙala inda ya ce wannan haki shi ya fi dacewa a koyi ilimin gadon tsirrai da shi. Hujjojinsa masu sauƙi ne. Mai bincike a kan masara gona yake buƙata, kuma zuriya ɗaya ko biyu zai gani a shekara. Mai furen Thal kuwa zai shuka dubbai a ɗaki guda, ya ga zuriya shida ko fiye kafin shekara ta zagayo. Ga yawan 'ya'ya, ga ƙarancin zaruruwa, ga shi kuma ba ya cuɗanya da baƙin iri sai in an haɗa shi da gangan.

Ɗalibarsa Erna Reinholz ce ta fara nuna abin da za a iya yi. Ta haska wa irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda kan lalata ƙwayar gado nan da can, sannan ta shuka ta ga abin da ya sauya. Dabarar irin ta bakanike ce: ka cire waya ɗaya a mota ka ga wace fitila ce ta mutu, ka san aikin wayar ke nan. Ta kammala aikin a 1945, daidai lokacin da Jamus ta faɗi, kuma hukumomin sojan Amurka ne suka buga shi a 1947 cikin takardun masanan Jamus da suka tattara. Shi kuwa Laibach ya rasa kujerarsa ta jami'a bayan yaƙin saboda alaƙarsa da jam'iyyar Hitler, ya koma garinsu Limburg ya ci gaba da kula da tarin irinsa, yana aika wa duk wanda ya nema.

Baƙon da Ya Ɗauki Sunan Masauki

Cikin waɗanda Laibach ya aika wa iri har da George Rédei a Hangari. A lokacin, ilimin gado abin tsoro ne a ƙasashen da ke ƙarƙashin Sobiyet, domin tun 1948 gwamnatin Stalin ta rungumi koyarwar Trofim Lysenko, wanda ya ƙaryata samuwar ƙwayoyin gado, aka kori malamai da dama, aka ɗaure wasu. Wannan iri ne Rédei ya gudu da shi a 1956, kuma a 1957 ya sami aiki a jami'ar jihar Misuri ta Amurka, a wani gari da ake kira Columbia.

Ɗaya daga cikin nau'o'in da ya zo da su sunansa Landsberg, sunan wani gari da ke gabashin Jamus a da. Ko a lokacin ma babu garin da wannan suna a can, domin bayan 1945 an mayar da yankin ƙarƙashin Folan, aka kwashe Jamusawan da ke ciki, aka sauya wa garin suna zuwa Gorzów Wielkopolski. Da Rédei ya shuka irin sai ya tarar ashe gauraye ne, ba tsatso ɗaya ba. Ya zaɓi tushe guda mai ƙwari da yawan 'ya'ya, ya ware zuriyarsa, ya raɗa mata sunan garin da ya ba shi masauki, Columbia. Daga waɗanda ya haska kuma ya sami wani gajere mai miƙaƙƙen kara, wanda ake kira Landsberg erecta. Waɗannan biyu su ne suka zama ma'aunin da duniya ke gwada saura da su. Yau ɗalibi a Sin ko Indiya ko Birazil zai ce yana aiki da Columbia, galibi ba tare da ya san cewa tsiron ɗan tsakiyar Turai ne, sunan kuma na masaukin wani ɗan gudun hijira ne ba.

Shekarun Raini

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya tafi daidai. A 1964 wani masani a garin Göttingen, Gerhard Röbbelen, ya fara buga wata 'yar mujalla don masu aiki da tsiron, a 1965 kuma aka yi taronsu na farko a garin. 'Yan tsiraru ne. Taro na biyu sai a 1976, na uku sai a 1987, wato fiye da shekara goma tsakanin kowanne. A shekarun 1970 hankalin masana ya koma kan taba da wasu furannin ado, waɗanda suka fi sauƙin rainawa a kwalba. Masu ba da kuɗin bincike kuwa tambayarsu ɗaya ce: me za a yi da ciyawar da ba a ci? Rédei ya sha fama wajen samun tallafi, ya yi shekaru kusan shi kaɗai ne mai wannan aiki a Amurka. Duk da haka bai zubar da irin ba, kuma a 1975 ya rubuta wani dogon sharhi da ya tattara duk abin da aka sani game da tsiron, wanda matasan masana suka karanta daga baya.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. A 1983 Maarten Koornneef na jami'ar Wageningen a Holan ya fitar da taswirar da ta nuna mazaunin ƙwayoyin gado 76 a kan zaruruwan nan biyar. A 1984 ɗakin binciken Elliot Meyerowitz a Kalifoniya ya nuna cewa kundin gadon furen Thal ɗan ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da na sauran tsirrai, wanda ke nufin neman ƙwayar gado ɗaya a cikinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A 1986 aka yi nasarar shigar masa da sabuwar ƙwayar gado ta hanyar wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa. Daga nan sai masana suka yi ca a kansa. A farkon shekarun 1990 aka kafa manyan rumbunan irinsa guda biyu, ɗaya a Nottingham ta Ingila, ɗaya a jihar Ohayo ta Amurka, kuma tsohon tarin Laibach, wanda ya bi hannun masana a Jamus bayan rasuwarsa a 1967, yana cikin abin da aka zuba a cikinsu.

Kundin da Aka Fara Karantawa

A 1996 ɗakunan bincike daga Amurka, Turai da Japan suka haɗa kai don karanta kundin gadon furen Thal daga farko har ƙarshe, kuma nau'in Columbia suka zaɓa. A watan Disamba na shekarar 2000 suka buga sakamakon a mujallar Nature. Shi ne tsiro na farko a tarihi da aka karanta kundinsa. Sun ƙirga ƙwayoyin gado 25,498, daga baya da aka sake tacewa adadin ya kai wajen dubu 27. Kundin gaba ɗaya harafi miliyan 135 ne ko kusa da haka, alhali na masara ya haura biliyan 2, na mutum kuma wajen biliyan 3. Rédei ya ga wannan rana da idonsa, domin sai a 2008 ya rasu.

To, mene ne amfanin karanta kundin haki? Amfanin shi ne tsirrai masu fure dangi ne, kuma umarnin da ke gudanar da su kusan iri ɗaya ne. Wanda ya gane aikin wata ƙwayar gado a furen Thal, ya san abin da zai nema a shinkafa ko wake. A jikinsa, tare da wani furen ado, aka gano a 1991 yadda rukunin umarni uku ke tsara sassan fure. A jikinsa aka gano a 1993 yadda tsiro ke jin iskar nan da ke nunar da ayaba da tumatir. A 2007 aka tabbatar da saƙon da ganye ke aika wa kan tsiro cewa lokacin fure ya yi, a 2009 kuma aka gano yadda tsiro ke karɓar saƙon ƙishirwa har ya rufe ƙofofin ganyensa don kada ruwa ya tsere. Dabarun da aka koya wajen karanta kundinsa su suka share hanyar karanta na shinkafa, wanda aka kammala a 2005, da na dawa da masara a 2009, da na gero a 2017, da na wake a 2019.

Ƙanƙantarsa ta kai shi har inda manyan tsirrai ba su je ba. A 1982, a cikin tashar sararin samaniya ta Sobiyet mai suna Salyut 7, ya zama tsiro na farko da ya yi fure ya kuma ba da iri a wajen duniyarmu. A 2022 masana a jami'ar Fulorida suka shuka shi a ƙasar da 'yan sama-jannatin Apollo suka ɗebo daga duniyar wata, giram 12 kacal aka ba su. Ya tsiro, duk da cewa a tsumbure ya girma. Wanda ya saba da tsagin dutse ai ba ya zaɓen shimfiɗa.

Ashe Ɗan Afirka Ne

Shekara da shekaru an ɗauka cewa furen Thal ɗan Turai da Asiya ne, wanda ake gani a wasu nahiyoyi kuwa baƙo ne da ya bi Turawa. Game da Amurka haka abin yake, domin bincike ya nuna bai fi shekara 400 da isa can ba. An kuma daɗe da sanin yana fitowa a duwatsun Atlas na Maroko, da tsaunukan Habasha da na gabashin Afirka, amma ba a ba wa waɗannan muhimmanci ba. Ko a 2016, da aka buga kundin nau'o'i 1,135 daga sassan duniya, na Afirka 'yan kaɗan ne a ciki.

A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Angela Hancock ta karanta kundin samfura 78 daga Afirka, wasu ɗanyu daga Maroko, wasu kuma busassu daga tsofaffin ma'ajiyar ganyaye. Abin da suka samu ya juya tsohon zance. Bambancin gado da ke tsakanin nau'o'in Afirka ya fi na ko'ina yawa, kuma a ilimin gado inda bambanci ya fi yawa nan ne zuriya ta fi daɗewa. Lissafinsu ya nuna cewa rassan tsiron sun fara rabuwa a Afirka tsakanin shekara dubu 120 zuwa dubu 90 da suka wuce, akasarin na Turai kuwa zuriyar wani reshe ne da ya bazu bayan narkewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe arewacin nahiyar. Wato likita Thal, a 1577, jikan baƙo ya tarar a duwatsun Harz, tsofaffin gidan suna nan a tsaunukan nahiyarmu, babu wanda ya tambaye su.

Daga Tsagin Dutse Zuwa Gonar Dawa

Yanzu mu zo gida. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ga kyan fure, ga mugun aiki. Takan manne wa saiwar dawa, gero ko masara tana tsotse ruwa da abinci tun tana ƙarƙashin ƙasa, kafin manomi ya ga kanta ta gama ɓarna. Akwai kuma wata 'yar uwarta da ke kama wake. Tushe ɗaya kan zubar da dubun-dubatar iri masu kama da ƙura, kuma irin kan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Ba ya tsirowa sai ya shinshino wani sinadari da saiwar amfanin gona ke fitarwa, domin in ya tsiro babu saiwar da zai kama, cikin 'yan kwanaki zai mutu.

An fara tace wannan sinadari a 1966 a Amurka, daga saiwar auduga. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, me zai sa tsiro ya riƙa fitar da abin da ke kiran maƙiyinsa? Wani ɓangare na amsar ya fito daga furen Thal. A jami'ar York ta Ingila, ɗakin binciken Ottoline Leyser ya ware wasu nau'o'insa masu tawaya, waɗanda ke fitar da rassa barkatai babu tsayawa. An ga irin wannan tawaya a wani nau'in wake na Turai da kuma shinkafa. A 2008 tawagogi biyu suka nuna cewa abin da waɗannan tsirrai suka rasa shi ne wancan sinadari. Ashe saƙo ne na cikin gida da tsiro ke amfani da shi don kayyade yawan rassansa, yana kuma kiran wasu ƙananan halittun ƙasa da ke taya saiwa neman abinci. Wuta-wuta satar ji kawai take yi.

Saura a gano hancin da take shinshinawa da shi. Ita wuta-wuta wuyar sha'ani gare ta a ɗakin bincike, tunda ba ta rayuwa sai a jikin wani. Sai masana a jami'ar Toronto ta Kanada suka ɗebo ƙwayoyin gadon da suke zargi daga jikinta, suka dasa su ɗaya bayan ɗaya a cikin furen Thal, suka ga wanne ne zai sa irinsa ya farka in ya ji sinadarin. A 2015 suka bayyana wanda ya fi kowanne kaifin ji. A 2018 wata tawaga a jami'ar Nagoya ta Japan ta haɗa wani sinadari da ke taɓa wannan hanci kai tsaye. Manufar ita ce a zuba shi a gona kafin shuka, irin wuta-wuta ya zaci dawa ta zo, ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. An gwada magunguna masu irin wannan aiki a gonaki a Burkina Faso, an kuma ga ragi. Sai dai gwaji a gona daban, buhun magani mai araha a kasuwar ƙauye daban, kuma wannan tafiya da sauranta.

Abin lura a nan shi ne manoma sun riga masana sanin dabarar a aikace. Wanda ya juya gonarsa ya shuka auduga, gyaɗa ko waken suya, yana rage wuta-wutar dawa ne ta wannan hanya, domin saiwarsu na tayar da irin amma ba ta ba shi wurin kamawa. Abin da furen Thal ya ƙara shi ne sanin dalili, kuma da sanin dalili ake iya ƙera magani ko zaɓen iri mai jurewa.

Kammalawa

Idan mai karatu ya waiwayi labarin nan, zai ga cewa a kowane mataki akwai wanda ya adana abin da ba a ga amfaninsa ba a lokacin. Thal ya rubuta hakin da ba ya magani. Laibach ya tara irinsa gari-gari. Rédei ya tsallaka iyaka da shi, ya riƙe shi shekarun da babu mai so. Wasu kuma da ba mu ambaci sunansu ba sun busar da ganyensa daga tsaunukan Afirka sun ajiye, har ranar da aka zo ana nema. Da ɗaya daga cikinsu ya ce wannan ai ciyawa ce, da labarin ya tsaya a nan.

Mu ma muna da irin wannan ajiya. Waken da aka karanta kundinsa a 2019 iri ne da cibiyar binciken noma ta IITA ta samar a nan Najeriya, mai jure wuta-wuta, wanda manoma suka sani da sunan SAMPEA 10. Rumbun irin cibiyar da ke Ibadan, wanda da yawanmu ke wucewa ta ƙofarsa a kan hanyar Oyo, yana riƙe da nau'o'in wake fiye da dubu 15, kuma akasarinsu daga hannun ƙananan manoma aka karɓo su. Halin jure fari ko cuta da masana ke nema yau, a cikin irin waɗannan tsofaffin iri yake ɓoye: kaura da farafara, maiwa, acca da iburu, da waken da kaka ke ɗaurewa a tsumma ta sa a tulu da toka. Duk wanda aka daina shukawa har ya ɓace, babu ɗakin binciken da zai dawo da shi.

Saboda haka in Allah ya kai ɗayanmu gida da sallah ko da kaka, ba laifi ya tambayi tsofaffi wane iri ne ake shukawa a da wanda yanzu ya yi wuyar gani, da kuma wanda har yanzu yake da ragowarsa a rumbu. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan dai da aka raina, buɗe ido ya yi.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. A gaida iyali.